Na Yi Wa Uwargida Alkawarin Ganin Teku, Ga Amarya Ga Inna

Tambaya

Assalamu alaikum Hajiya, ya ɗawainiya da mu? Ni malamin sakandare ne a Jega, tarihi nake koyarwa. Matana biyu. Uwargidana shekararmu 14 tare, 'ya'yanmu huɗu. Tun muna sabon aure muka je biki Yawuri, ta tsaya bakin Neja ta ce ita burinta ta ga teku, ruwan da aka ce ba a hango tsallakensa. Na ce in Allah ya hore zan kai ta. Bara na shiga adashi da abokan aiki, bana na kwasa, na ƙudurta mu je Badagry. Shekara da shekaru ina koya wa yara labarin garin nan ban taɓa taka shi ba: benen farko a Najeriya, ɗakunan da ake tsare bayi, kasuwarsu, sarƙoƙin da aka ɗaure su da su, da wurin da ake loda su a jirgi. Matsalar ita ce kuɗin ba zai ɗauki gida duka ba. Amaryata shekararta biyu a gidan, tana goyon ɗan wata bakwai, ban gaya mata ba tukuna. Inna kuma da ta ji ƙishin-ƙishin ta ce almubazzaranci ne, wanda bai je Umra ba me zai kai shi kallon ruwa. Wani abokina ya ce in ce aiki aka tura ni Legas, uwargida kuma ta ce asibiti za ta. In fasa ne? In ba haka ba, wa zan ɗauka, yaushe za mu tashi, kuma yaya zan tsara tafiyar?

Malamin tarihi, Jega

Amsa

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Kar ka fasa. Amma kafin mu taɓa maganar mota da masauki, shawarar abokin nan naka ka mayar masa da kayarsa. Jega ba gari ba ne da mutum zai ɓace a ciki. Direban da zai ɗauke ku ƙanin wani ne, ɗan kamasho a tasha maƙwabcin wata ne, kuma matar da ta shekara 14 tana jiran ranar nan ba za ta tsaya gaban teku ta ƙi ɗaukar hoto ba. Hoton zai je wayar ƙanwarta, daga can ya hau WhatsApp, kafin ku iso Kwantagora a hanyar dawowa amarya ta gani. Zafin an bar ta a gida zai wuce, amma na cewa ku biyu kun haɗa baki kun mayar da ita yarinya, wannan sai ya shekara goma yana fitowa a kowane faɗa. Ga ƙaryar ciwo da za ka sa wa matarka a baki alhali Allah ya ba ta lafiya, Inna kuma ta kwana tana addu'a a kan cutar da babu ita.

Wadda za ka ɗauka uwargida ce. Alkawarin nata ne, an yi shi tun amarya ba ta san akwai ka a duniya ba, kuma alkawari kaya ne. Sai dai hakan bai ba ka damar tashi kawai ka kama hanya ba. Ka san hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta da ita ake tafiya. Malamanmu na Malikiyya sun ba miji damar zaɓi a tafiyar da ba ta Hajji ko yaƙi ba, wasu malamai kuma sun ce dole ƙuri'a ko yardar wadda za a bari. Inda duka suka haɗu shi ne idan wadda za a bari ta yarda, magana ta ƙare. Don haka aikinka na farko yardar amarya ne, kuma a makon nan, tunda maganar ta riga ta kai kunnen Inna. Abin da uwar miji ta ji, bai fi kwana uku ya rage gida ya ji ba.

Ka same ta a ɗakinta ranar girkinta, ba kowa a wurin. Ka faɗa mata yadda abin yake: akwai alkawarin da ka ɗauka tun kafin zuwanta, Allah ya kawo lokacin cikawa, kuɗin mutum biyu ne. Kar ka ɓuya a bayan jaririn. Gaskiya ne ɗan wata bakwai bai dace da doguwar hanya irin wannan ba, amma in ka ce don shi ne, za ta ce to a jira ta yaye shi, ka ga ka ɗaure kanka. Kar kuma ka ce mata "ai ke na san ba ki damu da yawo ba." Ba ka tambaye ta ba. Sai ka sa mata nata rabon a gaba, da lokacinsa da iyakarsa, ba "wata rana" ba, domin ta ga yadda "wata rana" ta ɗauki shekara 14 a ɗakin da ke kusa da nata. Ka ce kwasar adashi mai zuwa tata ce, ta zaɓi abin da take so daidai ƙarfinsa. Wataƙila ta ce a kai ta wajen yayarta a Kaduna, wataƙila ta ce keken ɗinki take so. Kar ka zaɓa mata.

Za ta yi fushi, ka bar ta ta yi. Matar da aka gaya wa haka ta yi murmushi nan take, ita ce abin tsoro. In kwanaki sun wuce ta kafe, ka kai maganar wajen yayarta ko gwaggonta da take jin nauyi, in ta kama a ɗaga tafiyar zuwa hutu na gaba, a ɗaga. Teku ba ƙafewa zai yi ba.

Akwai abu guda da maza da yawa ba sa hangowa, kuma shi ne zai iya rusa duk lallashin da ka yi. 'Ya'ya huɗu na uwargida wa zai riƙe su? In amsar ita ce amarya, to ka haɗa mata biyu: an tafi an bar ta, an kuma bar mata wanka da wanki da girkin yaran wadda aka tafi da ita, ga nata goyon. Hutu ne, ka raba su, biyu wajen Inna, biyu wajen dangin uwarsu. In amaryar da bakinta ta ce a bar mata ɗaya ya taya ta zama, wannan daban. Ka bar mata kuɗin cefane a hannunta cikakke, ba a hannun ƙaninka ba.

Inna kuwa, ban ga laifinta sosai ba. Ta girma a zamanin da ba a barin gari sai da dalili: fatauci, karatu, Hajji, ko zumunci. Tafiya don a ga ruwa a dawo ba ta cikin lissafinta. Amma ina zargin Umra ba ita ce ainihin damuwarta ba, don ita ma ta san kuɗin motar Legas da kwana uku a masauki ko kusa ba su kai kujerar jirgin Saudiyya ba. Abin da ke cinta hanya ce, da kuma abin da za a ce a unguwa, wai ɗanta ya kwashi adashi ya kai mata yawon buɗe ido, uwa tana zaune. To ka rufe wannan bakin tun kafin ya buɗe. Daga kuɗin nan ka fara cire nata: buhun shinkafa, maganinta na wata biyu, turmin atamfa in ya samu. In hakan ya rage muku kwana ɗaya a Badagry, ya rage. Na san a matsayinka na malami harshenka zai yi ƙaiƙayi ka karanto mata ayar da ta ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ka riƙe ta, ba a cin uwa da hujja. Ka tambaye ta wa take da shi a Ikko, wato Legas. Da wuya a samu gida a Jega ko Aliero da ba shi da wani a Mile 12 wajen 'yan albasa, ko Alaba Rago wajen 'yan dabbobi, ko Agege. Ta ba ka saƙo ka kai, ku kwana ɗaya a can, tafiya ta samu ƙafar zumunci, kuma ba ƙarya ka yi ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Na karanta wasiƙarka sau da yawa. Burin matarka layi ɗaya ya samu: ta ga ruwan da ba a hango tsallakensa. Naka kuwa ka jero shi tiryan-tiryan, bene, ɗakunan bayi, kasuwa, sarƙoƙi. Ita teku ta roƙa, kai ka zaɓi Badagry. Ba laifi, zaɓin ya yi kyau, garin yana da duka biyun. Amma in ba ka yi hankali ba za ka mayar da cika alkawari ya zama darasin aji uku, ka yi ta jan baiwar Allah daga ɗaki mai duhu zuwa ɗaki mai duhu kana mata bayanin shekaru, ta ga tekun a gurguje da yamma ƙafafunta sun kumbura. Tafiyar nan tata ce, kai ɗan rakiya ne da ya samu garaɓasa. Da wannan za ka auna duk tsarin da zan faɗa.

Lokaci tukuna. Kai ma'aikaci ne, hutun makaranta ke gare ka. Damunar Legas takan fara ne wajen Afrilu, ta yi tsanani a Yuni da Yuli, ta ɗan sarara a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Dogon hutu ya faɗa cikin wannan sararawar, amma a lokacin ruwa ya sauka a Arewa, kuma hanyar da za ku bi ba ta da amana da damina. Ka tuna ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 da ta tsinke hanyar Arewa da Kudu. Ni zan ce hutun Disamba, da zarar an rufe makaranta, ku dawo kafin hidimar Kirsimeti ta kankama, don daga nan kuɗin mota da na ɗaki kan tashi, bakin teku kuma ya cika da kiɗa. Ku daidaita kwanakinku na Badagry su faɗo tsakiyar mako.

Hanya kuwa ka san ta a taswira: Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ku haye Neja a gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, Legas. Doguwa ce, kuma kar ka yarda a yi ta a zama ɗaya da mace a mota. Ku tashi da asuba ku kwana Ilori, washegari ku shiga Legas da rana tsaka, ba da dare ba. Motocin dare sun fi araha, na sani, amma yankin da ke tsakanin Yawuri da Mokwa ba wurin da za a yi wa tsaro ganganci ba ne. Kwana biyu kafin tashi ka je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo jiya halin da hanya take ciki, su ne suka fi kowa sani. A nan kuma za ka ji kuɗin mota na gaskiya, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin bara ba ya aiki bana. Sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024, mai tsawon fiye da kilomita 1,000 wadda ta ratsa Kebbi, kar ka sa ta a lissafi sai ka ji direbobi da bakinsu sun ce suna bi. Jirgi daga filin Ambursa ta Abuja zai cinye adashin tun ba ku ga ruwa ba.

Ga wani abu da zai yi maka daɗi kai malamin tarihi, ka riƙe shi don hirar mota. Garin da za ka je ya daɗe da sanin ƙasarku. A Badagry Baturen Ingila Hugh Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufo Arewa, ya zo ya mutu a Sakkwato a 1827 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Yaronsa Richard Lander ya dawo da ƙaninsa John a 1830, suka sake tasowa daga Badagry ta Tsohon Oyo da Kayama da Busa, suka hau har Yawuri suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su bin Neja ya mutu a Busa, daga baya suka bi Neja har inda ta faɗa teku. Wato ruwan da matarka ta tsaya a bakinsa a Yawuri, ƙarshensa cikin tekun da za ka nuna mata yake. Wannan kam ka gaya mata, zai shige ta fiye da jerin shekaru.

Daga Legas motocin Badagry a Mile 2 ake samunsu, su bi ta Iyana-Iba da Okokomaiko da Agbara. Tazarar ba ta wuce kilomita 60 da wani abu ba, amma cunkoso da shingaye kan mayar da ita doguwa. Hanyar iyakar Seme ce, ta shiga Jamhuriyar Benin, don haka kwastam da jami'an shige da fice da 'yan sanda suna da yawa. Kowannenku ya riƙe katin NIN a jikinsa, kai ka ƙara da katin aiki. Bahaushe a hanyar nan yakan sha tambayar ko daga Nijar yake. Ka amsa cikin sanyi, ka nuna kati, ka wuce.

Masauki ka ga ɗakin da idonka kafin ka biya. Ka buɗe famfo, ka tambayi awa nawa ake kunna janareta, ka duba ko akwai mashaya a ƙasa, don akwai wurin da da rana kamar makabarta, da dare sai kiɗa har asuba. Ku tafi da gidan sauro da tufafi marasa nauyi. Zafin can ba irin namu ba ne, bai kai na Jega a Afrilu ƙuna ba, amma gumi ba ya bushewa. Mutanen garin Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, tare da Yarabawa, sarkinsu Akran ake ce masa. Suna da dodonsu Zangbeto mai rigar ciyawa, wanda a al'adarsu shi ne mai gadin dare. Ka tambayi mai masauki ko akwai daren da aka hana fita, in ya ce akwai, ku zauna a ɗaki. Masallatai akwai su, Musulmi sun daɗe a garin. Tunda zamanku ba zai kai kwana huɗu ba, kuna kan kasaru.

Ranar farko ta teku ce, ba komai a cikinta sai teku. A nan akwai abin lura. Shi garin Badagry a bakin wani rafi mai faɗi yake zaune, ruwa kwantacce, ana hango tsallakensa sarai. In ka kai ta bakin Marina, titin da ke gefen rafin, ka ce ga teku, za ta ce Neja a Yawuri ta fi wannan. Ainihin tekun Atlantika yana bayan tsibirin da ke tsallake, ko kuma ku bi hanyar Seme da mota zuwa irin su Suntan Beach, inda bishiyoyin kwakwa suka jeru har bakin ruwa. Can za ka fara kai ta, da la'asar sakaliya. Ka biya kuɗin rumfa, ka sayi kwakwa ɗanya a fasa mata, ka yi shiru. In ta zauna awa uku ba ta ce komai ba, kar ka duba agogo.

Amma ka ji wannan da kunnen basira, domin ku mutanen Kebbi kuna da ƙarfin hali a ruwa. Wanda ya tashi yana iyo a gulbi, yana kallon masunta suna faɗawa Matan Fada da homa da gora, gani yake ya san ruwa. Gulbi gefe guda yake tafiya, ka san inda ya nufa. Teku yana zuwa ne ya koma, kuma komawar ita ce haɗarin: igiyar ruwa ta doke ka, ta janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ta ja ka ciki. Gaɓar nan tana da ƙarfin igiya, kuma ba ko'ina ake samun masu ceto ba. Iyakarku idon sawu. Ita musamman, dogon hijabi da zani in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Ka riƙe hannunta, kar ku juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto. In lokacin salla ya yi, ruwan mai tsarki ne, Annabi (SAW) ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ta yi alwala da shi ta ji gishiri a bakinta. Wannan hadisin kuma ya warware muku maganar ƙaguwa da jatan lande in ranta ya so ta ɗanɗana. Nama ne za ku tambaya kafin ku ci, don ana sayar da alade a wasu wuraren. Ku tsaya kan kifi, ba za ku yi nadama ba.

Rana ta biyu taka ce, amma ka tambaye ta ko za ta bi ka duka ko rabi. Wuraren kusa da juna suke, yawancinsu a layin Marina, da ƙafa ma ana zagayawa. Akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, shekarar da garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Ingila. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira na farko a Najeriya. Kai da ka san Gobarau ta Katsina da sorayen Kano, za ka so ka yi gardama, ka yi ta cikin raha, benen farko irin ginin Turawa suke nufi. Akwai alamar da aka kafa inda bishiyar Agia take kafin ta faɗi a 1959, wadda a ƙarƙashinta Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842. Makarantar boko da 'yan mishan suka buɗe a garin a 1843 ita ake lissafawa ta farko a ƙasar nan, wato kakar sana'arka. Kowane wuri da kuɗin shigarsa, kuma masu zagayawa da baƙi za su taso maka. Ka zaɓi ɗaya, ku yi ciniki tun kafin a ɗaga ƙafa, ka ji ko kuɗin jirgin ruwa yana ciki.

Inda zan so ka daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass, da ɗan gidan tarihin dangin Mobee inda sarƙoƙin suke. Seriki Abass shi kansa an taɓa bautar da shi, ya dawo ya zama babban dillalin bayi, ya zama jagoran Musulmin garin, ya rasu a 1919. Gidansa yana da ɗakuna 40 na tsare mutane, ƙanana, da 'yar taga a sama. Za a nuna maka lema da kwanoni da aka ce da mutane aka yi musayarsu. Ka shiga ɗaya daga ɗakunan ka sa a turo ƙofa na minti ɗaya. Kuma ka sani cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan, daga Badagry da Legas da Porto-Novo da Wida, akwai Hausawa da Nufawa da Barebari da yawa, aka kai su Bahia a Birazil. Hausawa ne suka shirya tawayen 1807 a can, suka sake tashi a 1814, kuma a watan azumin 1835 Musulmin birnin Salvador suka yi babban boren da har yau ake karantawa, wasunsu da layu da rubutun Arabiyya a jikinsu. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo bakin teku ba. Wani ya kama su, wani ya saye su a kasuwannin Arewa, wani ya koro su Kudu. A ƙasarmu sai 1901 Gwamna Lugga ya ce duk wanda aka haifa daga lokacin ɗa ne, kuma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. In ka dawo aji ka gaya wa yaran Jega cewa Turawa kaɗai suka yi, kuɗin motarka ya tafi a banza.

Daga Marina ake shiga jirgin ruwa a haye zuwa tsibirin Gberefu, 'yan mintuna ne. Kar ku shiga sai an ba ku rigar kariya, kar ku shiga wanda ya cika, kar ku kai magariba a tsallake. Ba sai na tuna wa ɗan Kebbi hatsarin jirgin ruwan Warra na 2021 ba. A can za ku taka hanyar da bayi suka taka cikin rairayi, tafiya ce mai ɗan tsawo ba inuwa sosai, don haka da safe za a yi ta, da ruwan sha da takalmi mara tsini. A tsakiya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da su ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar bakin teku ne, inda ake sa su a ƙananan jirage a kai su ga manya. Ka ga dalilin da ya sa na ce kar nan ya zama wurin da za ta fara ganin tekunta. In ta ce ba za ta iya wannan ba, ka bar ta a masauki ta huta, mace mai 'ya'ya huɗu barcin rana ma hutu ne a wajenta.

In kuɗi ya kai kwana na uku, ka tambaye ta me take so a yi. Ina kyautata zaton bakin ruwa za ta ce a koma.

Kuɗin komawa gida ka ware shi tun daga Jega, da ɗan ƙari saboda lalacewar mota ko ƙarin kwana a hanya, ka bar shi a asusun da ba ka taɓawa. Tsabar kuɗi kaɗan a aljihu biyu, saura a kati, akwai masu POS ko'ina. Tsaraba kuma ka bar uwargida ta zaɓo wa amarya da hannunta, kuma kar ta gaza tata ko da ƙwayar kwakwa ɗaya, Inna a sama da su duka. Busasshen kifi da man kwakwa da garin rogo suna jure hanya. Kar ka karɓi ƙunshin kowa a tasha da sunan taimako, kuma duk arahar da za a yi maka a kan shinkafa 'yar waje ko gwanjo a kusa da Seme, ka wuce. Kwastam za su sauke ta a shingen farko, kuma mutumin Kebbi da aka kama da buhun shinkafar waje, ko a gida ba zai samu mai jajanta masa ba.